Ladabin Sabuwa

Tun da Malama Rahmatu ta fara koyarwa take roƙon Allah ya ba ta yara masu ladabi. Shekarar da aka amsa mata, wata yarinya ta yi ladabin da ya kusa kai ta kabari, kuma Malamar ce da kanta take tsaye tana yaba mata.

Makarantar tana bayan Nasarawan Doya, tsakanin gonakin rake da na masara. Azuzuwa ne a jere, da rufin kwanon da ruwan sama ya san duk hanyoyinsa. Kullum da safe ɗan acaɓa yake kawo ta daga Maƙarfi, ta sauka da laka a gefen zane ta shiga aji uku. Ba ta duka. Sauran malamai suna yi mata dariya a kan haka, musamman Malam Inuwa na aji biyar, wanda yake ganin yaron da bai ɗanɗani tsumagiya ba bai fara karatu ba tukuna. Ita kuwa tana da tata dabarar. Akwai tsohon wilin mota da aka rataye a jikin dalbejiya, shi ne ƙararrawar makarantar, kuma babu yaron da bai taɓa kwaɗayin ɗaukar guntun rodi ya rafka masa ba. Sai ta roƙi hedimasta ya bar wa ajinta wannan aiki. Duk ranar Juma'a za ta zaɓi wanda ya fi kowa ladabi a makon, wanda ya yi gaisuwa, ya yi shara, bai yi zagi ba, bai yi dambe ba. Shi zai riƙe ƙarfen har wata Juma'ar.

Dabarar ta ci. Yaran da ko ubansu ba sa gaisarwa sai an ja musu kunne suka koma durƙusa wa duk wanda ya gifta, har mai tallan kifi. Ana tsintar fensir a kawo mata, wani lokacin ma na wanda ya kawo ɗin ne, ya yar da kansa ya tsinta. Ta san da haka, amma ta kau da kai, don a ganinta ladabin ƙarya ma idan ya daɗe a jiki yakan zama na gaske.

A ajin akwai 'ya'yan Malam Mamuda manomin rake guda biyu, Khairat da ƙanwarta Sabuwa. Shekara ɗaya ce tsakaninsu, aka haɗa su aji ɗaya don su riƙa tafiya tare. Khairat ce ta fi kowa riƙe ƙarfen. Yarinya ce mai sanyin murya, hijabinta fes kullum, ba ta amsa magana sai ta sunkuyar da kai. Ko ƙararrawar ma ba ta rafka ta kamar sauran, takan buga a hankali kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar babba, ta ɗan dakata, sannan ta ƙara. Sabuwa kuwa sai dai a yi shiru. Idan aka ji kuka a bayan aji ba a tambayar wa ya yi dukan. Ta hau kowace bishiya a makarantar, ta ɗanɗani raken kowace gona a hanya, kuma ba ta taɓa riƙe ƙarfen ba, ba ta ma taɓa nuna tana so ba.

Tsakiyar damina zazzaɓi ya kama Khairat. Ran Litinin ba ta zo makaranta ba. Kafin mako ya ƙare an ɗauke ta za a kai asibiti a Maƙarfi, ta cika a hanya.

Malama Rahmatu ta yi kuka kamar ita ta haife ta. Da ta share hawaye sai ta ga a nan ma akwai darasi, domin gaisuwar mutuwa tana cikin ladabi. Ta jera yaran ajin, ta koya musu abin da za su faɗa, ta gargaɗe su su zauna shiru su saurari manya, ta kai su gidan Malam Mamuda. Suka durƙusa a tsakar gida suka yi gaisuwa baki ɗaya, suka takure a gefen tabarma. Uwar yarinyar, Mukarrama, tana zaune a ƙofar ɗaki, idonta a bushe. Khairat 'yar fari ce, ko tana da rai uwar ba ta kiran sunanta saboda kunya, yanzu kuma kunyar nan ta hana ta kuka a gaban mutane.

Mata suna ta ba da haƙuri. Wata tsohuwa ta gyara zama ta ce, “Ni dama tun da na ga hankalin yarinyar nan na san ba mai zama ba ce.”

“Ai irinsu ba sa daɗewa,” in ji wata. “Allah yakan karɓi abinsa da wuri. Ki duba fitinannun, ga su nan garau, ko mura ba ta kama su.”

Malama Rahmatu ta ce, “Wallahi gaskiya ne. Duk ajina babu kamarta. Ladabinta ya yi yawa.”

Magana ce da ake faɗa a kowane zaman makoki don a sanyaya zuciyar uwa, babu wanda yake ɗaukar ta fatawa. Amma ranar akwai kunnuwan aji guda a gefen tabarma, waɗanda aka ce su yi shiru su saurari manya, suka kuwa saurara. Sabuwa tana cikinsu, tana wasa da bakin tabarma da ɗan yatsa.

Daga makon da ya biyo baya ajin ya lalace, sai dai wata irin lalacewa ce da Malamar ba ta taɓa gani ba. Daga Litinin zuwa Laraba lafiya lau. Ranar Alhamis, jajibirin zaɓe, sai kowa ya yi laifi ɗaya. Saminu zai taso har gaban allo ya karya alli, idonsa a kanta don ya tabbatar ta gani, ya koma ya zauna. Babu dariya, babu jin daɗi, kamar masu shan magani mai ɗaci. Wata Alhamis ta ga Farida, wadda ko ƙuda ba ta iya kashewa, ta mari ƙawarta Samira, hawaye yana zubo wa mai marin kafin wadda aka mara. Ta ji Farida tana raɗa mata, “Yi sauri ki rama, Malama tana kallo.” Malamar ta ɗauka ruɗewar mutuwa ce, za ta wuce. Malam Inuwa ya ce ga tsumagiyarsa nan duk ranar da ta gaji da lallashi.

Yarinya ɗaya ce ba ta yin laifin Alhamis. Sabuwa ta dawo makaranta sanye da hijabin yayarta, yana ja mata har ƙasa, ta zauna a gefen gurbin Khairat da babu wanda ya yarda ya cike. Ta daina hawa bishiya. Ita take riga kowa zuwa ta share aji, ta goge allo, ta durƙusa har ƙasa ta yi gaisuwa. An taka mata ƙafa ta ce ba komai. Malama Rahmatu ta ji sanyi a ranta, ta ce ko ba komai mutuwar nan ta shiryar da mutum ɗaya. Ta miƙa mata ƙarfen ranar Juma'a a gaban kowa ta ce, “Kin gaji yayarki, Sabuwa. Ki ci gaba, kin kusa kamo ta.” Yarinyar ta karɓa da hannu biyu, sauran yaran suka sunkuyar da kai, babu wanda ya tafa.

Ran Litinin Malamar tana rubutu a allo ta ji ƙararrawar fita hutun ƙarfe tara. An buga a hankali, an dakata, an ƙara. Allin ya faɗi daga hannunta. Ta leƙa ta taga ta hango ƙaramar yarinya cikin dogon hijabi a gindin dalbejiya, ta ba ta baya, sai da ta yi salati kafin ta tuna wace ce. Haka abin ya ci gaba mako bayan mako, kullum Sabuwa ce, don babu mai yi mata takara. Kullum kuma tsigar jikin Malamar sai ta tashi, ta ce wa kanta kewa ce kawai. Ta lura yarinyar tana ramewa, ta ce wannan ma kewa ce.

Masara ta fara bushewa lokacin da Mukarrama ta aiko a ce wa Malama ta biyo in an tashi. Ta same ta tana surfe. Suka gaisa, aka tambayi gida da aiki da ruwa da ƙarin haƙuri, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa. Sai da Mukarrama ta aiki Sabuwa maƙwabta karɓo rariya sannan ta yi magana.

“Malama, me kuke koya wa yarinyar nan?”

“Ai sai godiya. Sabuwa ta zama abin misali, duk makaranta ana...”

“Ba ta cin abinci sai na tsaya a kanta. In na ba ta, ta raba wa ƙanne. Takalminta na salla ta bayar. Shekaranjiya ta bi gidajen layin nan tana neman gafarar duk wanda ta taɓa ɗibar wa rake, kamar mai shirin tafiya Makka.” Mukarrama ta kalli ƙofa ta rage murya. “Na fasa tulu da gangan na ce ita ce, don dai ta yi mini musu irin na da. Sai ta durƙusa ta ce in yafe mata. Kuma kullum da asuba a waje da gidan sauro nake samun ta. In tura ta ciki, in na farka ta fito, ta yaye zane ta kwanta a ƙasa.”

Malama Rahmatu ta ajiye ruwan da ke hannunta.

“Ni tsoro take ba ni,” in ji Mukarrama. “Waccan ta tafi, na haƙura. Wannan kuwa ina kallonta tana haɗa kaya, ban san da wa zan yi faɗa ba.”

Washegari da aka tashi tara, yara suka watse wajen masu awara, Malamar ta kira Sabuwa cikin aji. Yarinyar ta durƙusa. Malamar ta ce ta tashi ta zauna a benci, ta zauna a ɗofane, hannuwa a cinya.

“Sabuwa, me ya sa kike fita daga gidan sauro?”

Yarinyar ta murza bakin hijabinta. Can ta ɗago, ba tsoro a fuskarta, sai irin kallon mai jiran sakamakon jarrabawa.

“Malama, ya kai?”

“Me ya kai?”

“Ladabina. Kin ce na kusa kamo Yaya. An ce in ya yi yawa ana tafiya.” Ta gyara hijabin da ya zamo mata. “Ita kaɗai ce a can, ba ta san kowa ba. Kuma ba ta iya barci sai ta ɗora ƙafarta a kaina.”

Malama Rahmatu ta dafa tebur. A nan ta gane laifin Alhamis, ta gane marin Farida, ta gane abin da ya hana yara tafi. Duk ajin suna gudun ƙarfen ne don su rayu, wannan kuma tana neman sa don ta bi 'yar'uwarta, ita kuwa tana tsaye duk Juma'a tana gaya mata saura kaɗan. Tsoron da ya kama ta ya fi na ranar mutuwar.

Ta yi bayani. Ta ce mutuwa ajali ce, ba ta duba mai ladabi ko fitinanne. Ta ce zazzaɓin sauro ne ya kama Khairat, kuma wanda ya jefa kansa ga cuta da gangan Allah yana fushi da shi. Ta kawo misalin kakarta da ke Kudan, wadda ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba, ga ta nan har haƙoranta sun ƙare. Sabuwa ta saurara tsaf, kanta a sunkuye, ta ce, “To, Malama.” Malamar ta tara ajin duka ta maimaita musu, suka ce, “To, Malama.” Ta roƙi malamin addini ya shigo ya ƙara musu, suka ce, “To, Malam.” Ranar Alhamis Saminu ya taso ya karya alli. Ranar Juma'a da safe Malamar ta ga sababbin ƙurajen cizon sauro a goshin Sabuwa da bayan hannunta. Ita ta koya musu cewa ba a yi wa babba musu, ga shi yanzu ta rasa ƙofar da za ta shiga zuciyarsu.

Ta tsaya a gaban ajin tana kallon gurbin nan da ke kusa da Sabuwa. Tun bayan rasuwar ba ta yi kwana ɗaya ba ta ambaci yarinyar ba: da Khairat ce ba za ta yi haka ba, Khairat ba ta taɓa kaza ba. Ita da matan makoki sun wanke ta tas, har ta zama wata aba da ba ta taɓa zama a kan bencin nan ba, kuma waccan ɗin ce Sabuwa take bi. Alhali Malamar ta taɓa gani da idonta, wata rana tana tsakiyar darasi, hannun Khairat a ƙarƙashin benci yana murɗa cinyar ƙanwarta, fuskarta kuwa a kan allo kamar ta waliyyiya. Sabuwa ta ƙwalla ƙara, kuma Sabuwa aka fitar waje.

Ba a faɗin aibin mamaci. Malama Rahmatu ta san wannan tun kafin ta san baƙi da wasali, ta kuma san garin ƙarami ne, maganar aji takan riga yara isa gida. Ta yi istigfari a zuciyarta.

“Yau babu zaɓe,” ta ce. “Yau hirar Khairat za mu yi. Ni zan fara. Khairat muguwar mai mintsini ce. Na taɓa ganin ta.”

Yayyafi ya fara sauka a kan kwano. Wasu yaran suka juya suka kalli gurbin, kamar mai shi za ta amsa.

“Wa kuma ta taɓa yi wa wani abu? Babu wanda zan daka, babu abin da zai same ku.”

Yaran suka kalli juna. Sannan Saminu ya ce, yana kallon ƙasa, “In kin juya tana ce mini mai kan ƙwarya.”

Wani ya yi dariya ya toshe baki. Farida ta ɗaga hannu rabi. “Ta cinye mini awara, ta ce in na faɗa miki aljanin dalbejiya zai biyo ni gida.”

“Tana kwaikwayon tafiyar Malam Inuwa.”

“Ita take tsayawa gadi in Sabuwa ta shiga gonar rake, kuma ita take ɗaukar babban.”

Dariyar ta fara fitowa, tsoro-tsoro da farko, sannan ta ɓalle. Malamar ba ta yi dariya ba, Sabuwa take kallo. Yarinyar tana zaune yadda take, sai dai hannuwan da ke cinyarta sun dunƙule. Saminu ya samu baki, ya miƙe ya ce ai har fitsarin kwance an ce tana yi.

Bai rufe baki ba Sabuwa ta tsallake benci biyu, hijabin ya harɗe ta, ta fizge shi ta yar, ta faɗa kansa. Kafin Malamar ta iso ta kafa masa haƙori a dantse.

“Ƙarya kake, mai kan ƙwarya! Yayata ce!”

Malamar ta ɗauke ta cak. Sabuwa ta yi ta harbin iska, ta samu ƙaurin Malamar da dunduniya, ta yakushe ta a wuya, tana ihu da muryar da aka manta tana da ita. Ta ce Yaya ce ta fasa madubin Inna aka dake ta, ita Sabuwa, a kai. Ta ce Yaya ta yi alkawari za ta faɗi gaskiya, ba ta faɗa ba ta tafi. Ta ce muguwa ce, muguwa, ta tafi ta bar ta da wanke-wanke ita kaɗai. Daga nan maganar ta narke ta zama kuka, irin kukan da tun ranar makoki ba ta yi ba. Malama Rahmatu ta riƙe ta gam, ƙaurinta yana zugi, hawayenta yana sauka a kan kitson yarinyar. Da kukan ya lafa ta sauke ta ta ce, da muryar da ta ƙoƙarta ta yi kauri, ta je gaban allo ta yi durƙuso saboda cizo. Sabuwa ta tafi tana buga ƙafa, ta durƙusa, ta galla mata harara, ta ja tsaki.

Ran Litinin da aka tashi Malamar ta ce wa ɗan acaɓa ya jira ta, ta nufi gidan Malam Mamuda. Ba ta kai ga tsakar gida ba, Mukarrama ta tare ta a bakin zaure. Gaisuwar ta yi gajarta. Daga ciki ana jiyo muryar Sabuwa tana rantsuwa cewa ƙanzon nata ne, duk wanda ya taɓa sai ta fasa masa baki.

“An ce kin tara yara sun ci naman 'yata,” in ji Mukarrama.

“Na tara su.”

“Har da maganar shimfiɗa.”

Malamar ta sunkuyar da kai.

“Jiya na ce ta yi wanke-wanke ta ce ba za ta yi ba. Na ɗauko muciya, sai na kasa, na shiga ɗaki na yi sujada. Ta cinye tuwonta ta ci na ƙaninta. A cikin gidan sauro ta kwana, har tana ture ni.” Mukarrama ta goge ido da gefen mayafi, karo na farko da Malamar ta ga hawayenta. “Wannan kin dawo mini da ita, Allah ya biya ki. Amma waccan ba ta da bakin da za ta kare kanta, kuma yanzu duk layin nan abin da ake tunawa da ita ke nan. Gobe zan turo miki Sabuwa makaranta. Ke dai kada ki sake shigo mini gida.”

Malama Rahmatu ta ce, “To.”

Mukarrama ta juya ta shige ciki, tana kiran Sabuwa ta sakar wa ƙaninta kunne.